Yadda Ake Girki da Albasa Mai Lawashi da Adana Ta a Zafin Gombe

Duk ranar da na tsaya gaban mai albasa a tsohuwar kasuwar Gombe, tambayarsa ɗaya ce kafin ya ƙulla leda: "Hajiya, a yanke lawashin?" Wuƙar ma tana hannunsa tun ban amsa ba, don ya saba jin "Yanke, Baba." Haka yawancin mata suke yi, su kwashi kawunan su bar ganyen a ƙasa, awakin kasuwa su samu na dare. Ni kuwa cewa nake ya bar mini kayana, in ma akwai wanda wasu suka bari ya tattaro ya zuba mini a matsayin gyara.

Na san abin da ya sa ake gudunsa. Ki bar shi cikin leda kwana biyu a watan Afrilu, ki buɗe, sai kin kau da kai: ya narke, ya yi yauƙi, ga wari. Sai dai laifin na riƙo ne. Muna riƙe albasa mai lawashi kamar busasshiyar albasa, alhali halinta na ganye ne, irin na alayyafo da latas. Busasshiyar albasa iska take so da bushewa, ta yi watanni a kan rumfa. Mai lawashi sanyi take so da ɗan danshi, kuma kwanakinta ƙidayayyu ne. Hausawa sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, to wannan kam ta yi, don kusan kashi 90 cikin 100 na jikinta ruwa ne.

Wadda muke saya a nan, a kira ta albasa mai lawashi ko ɗanyar albasa, ko safa idan ƙanana ce siriri, galibi albasar nan ce da muka sani aka tuge ta tun ba ta gama yin kai ba. Masu lambu na Kwadon da Dadin Kowa a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, a kan hanyar Biu, sukan yi renon iri da ƙarshen damina su dasa da shigowar hunturu. Shi ya sa daga Disamba zuwa Fabrairu za ki gan ta tuli a wurin 'yan gwari, ga araha ga kyau. Idan bazara ta kama, kai ya nuna, ganyen ya kwanta ya bushe, sai ta ja baya. Akwai wani iri dabam da ba ya yin kai sam, wanda mutanen Sin da Japan suka fi ci. Girkinsu ɗaya ne, illa dai tamu ta fi yaji, don haka in kin ga girkin waje ya ce a zuba mai yawa ɗanye, ki rage hannu.

Wajen saye

Je ki da safe. Kayan gwari da ya wuni a rana ana yayyafa masa ruwa ya riga ya fara mutuwa, ko da ido bai nuna ba.

Ki ɗaga ɗaurin ki riƙe shi ta gindi. Ganye mai kyau tsaye yake, kore shar, in kin lanƙwasa shi ya ɗan yi ƙara. Wanda ya langaɓe ya rufe miki hannu ya sha rana. Sai ki buɗa tsakiyar ɗaurin da yatsa, domin a nan ake ɓoye masu rawaya da waɗanda suka fara yauƙi, kyawawan suna waje. Ki duba wuya, wato inda fari ya haɗu da kore, ki ɗan matsa. In ya yi laushi ko ruwa ya fito, ajiye. Saiwar ma ki so ta da sauran rai, fara-fara, kada ki yarda a aske miki ita, za ki ga amfaninta can gaba. Idan kin ga wani kara mai tauri a tsakiya da ɗan kumburi a samansa, wannan ta fara shirin fure, karan ba ya tauno.

Kada araha ta ruɗe ki ki kwaso dami guda ba ki da shirin shanya. Na girkin kwana uku ya isa.

Da shigarki gida

Abu na farko, fitar da ita daga leda, tun kafin ki cire mayafi. Na biyu, kwance ɗaurin, don inda zaren ya matse nan ruɓa ke farawa. Ki baza ta a faifai ko tire, ki bi ɗaya bayan ɗaya ki zare ganyen waje da ya yi rawaya ko ya karye, ki kakkaɓe ƙasar saiwar. Ganye ɗaya mai yauƙi ya isa ya lalata sauran cikin dare guda.

Kada ki wanke wadda za ki ajiye. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani wurin amare, saboda tsabta. Ganyen albasa bututu ne, ruwa na shiga ciki ya zauna, ke kina ganin waje ya bushe ciki kuwa yana ruɓewa. Wadda za ki girka yanzu kaɗai za ki wanke.

In kina da firji kuma unguwarku ana samun wuta, ki samu tsumma mai tsabta, ki jiƙa ki matse shi sosai har ya zama danshi kawai, ki naɗe albasar, ki sa a leda ki bar bakin a buɗe, ki ajiye a aljihun ƙasa na kayan ganye. In ta yi tsawo ki raba ta biyu daga wuya, ki naɗe fari dabam kore dabam. Farin ya fi jimiri, koren za ki fara cinyewa. Haka takan yi mako guda, wani lokaci har biyu. Ki riƙa leƙawa bayan kwana biyu kina cire wanda ya canza. Amma fa ki rufe fura da nono da zoɓonki da kyau, har ruwan sha ma, don suna ɗaukar warin albasa. Na taɓa ba baƙi kindirmo mai ƙamshin lawashi, sun sha don kara, ni kuwa har yau ina jin kunyar ranar.

Matsalar firji a garinmu ita ce a kawo wuta a ɗauke. Idan ya yi sanyi ya huce, ledar na yin gumi, gumin nan kuma ya fi zafin waje saurin kashe ganye. In kin san wutarku ba ta tsayawa, hanyar kwalba ta fi miki. Ki samu kwalba mai faɗin baki ko gwangwanin madara, ki zuba ruwa kamar gaɓar yatsa biyu, ki tsayar da albasar ciki, saiwa kaɗai ta taɓa ruwan, wuya na sama. Ki ajiye a inuwa inda iska ke wucewa, kusa da randa ya fi. Kullum da safe ki zubar da ruwan ki sa sabo. Ranar da kika manta, ruwan zai yi wari, gindin ya yi santsi. Da hunturu takan kai mako a haka, sai dai iskar na busar da bakin ganyen, don haka ki kifa mata leda sako-sako daga sama. Da bazara, lokacin da zafin Gombe ke taɓa digiri 40, kwana uku zuwa huɗu ne.

Ga kuma dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukwanen ƙasa biyu ne, babba da ƙarama. Ki zuba yashi a gindin babbar, ki zaunar da ƙaramar ciki, ki cike tsakaninsu da yashi, ki jiƙa yashin sharkaf, ki sa kayan ganyenki a ƙaramar ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunya yana bushewa, shi ke janye zafin cikin, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Safe da yamma ki ƙara wa yashin ruwa. Da rani take aiki sosai. Da damina, da iska ta cika da laima, sanyinta kaɗan ne.

Wanki da yanka

Ki yanke saiwar ki ajiye gefe. Ki zare fatar waje ta farin. Ki cika roba da ruwa mai tsabta, ki zuba albasar ki girgiza, ki tsamo ta da hannu zuwa kwando. Tsamowa ake yi, ba a tsiyaye ruwan ta kanta, in ba haka ba yashin da ya kwanta a ƙasa zai koma mata. Ki maimaita sau biyu ko uku har gindin robar ya fita tas. Wurin da yashi ya fi maƙalewa shi ne inda ganye ya rabu da ganye, ki buɗa wurin ki sa yatsa. Ganyen da ya fashe ko aka gutsure bakinsa, tsaga shi a tsaye ki wanke cikinsa.

Wankin nan ba na yashi kaɗai ba ne. Ba kowane lambu ake ba ruwa mai kyau ba, kuma ɗanye muke yawan cin lawashi. A shekarar 2003, a jihar Pennsylvania ta Amurka, sama da mutum 600 suka kamu da ciwon hanta nau'in A, aka bi diddigi aka gano ɗanyar albasa mai lawashi ce da aka ci a wani gidan abinci. Jiƙa shi a ruwan gishiri na minti biyar yana fito da ƙananan ƙwari, amma ba ya kashe kowace cuta. Wuta ce ke kashewa. Saboda haka da damina, lokacin da amai da gudawa ke yawo, ko in abincin na mai ciki ne ko ƙaramin yaro ko tsoho mai rauni, ki bar shi ya ji wuta.

Bayan wanki ki bar shi ya tsane sarai. Jiƙaƙƙen lawashi in ya shiga mai, fantsama yake, in ya shiga kwaɗo kuma ya saki ruwa.

Wuƙa ta zama mai kaifi. Dakusasshiya murje ganyen take, ya fitar da yauƙi ya yi duhu, ita ce kuma ke sa hawaye ya yi yawa, domin fashewar naman albasar ke sakin sinadarin da ke shiga ido. Ki jera su kai ɗaya, ki yanka da jan wuƙa sau ɗaya, kada ki koma kina faskara abin da kika riga kika yanka.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Ki yanka ta kashi uku, kowanne a mazubinsa: farin gindi, tsakiya mai ruwan kore-kore, da koren sama. Kayan miya uku ne a jiki ɗaya, kuma ba lokaci ɗaya suke shiga tukunya ba. Farin na mai ne, shi ake fara soyawa, kamar kowace albasa. Tsakiyar tana shiga ana saura minti biyar a sauke. Koren kuwa sai an kashe wuta, zafin abincin ya ishe shi. Wadda ta zuba duka tun farko za ta tarar koren ya koma ruwan toka, ƙamshin ya bi tururi, sai ta ce lawashi ba shi da amfani.

A cikin tukunya

Wainar ƙwai ce makarantar farko. Ki sa mai cokali biyu a kasko, wuta kaɗan-kaɗan, ki zuba farin da ɗan attarugu su yi laushi, minti biyu. Ki fasa ƙwai uku ki kaɗa da gishiri da koren, ki juye a kai. Ƙarnin ƙwai zai tafi, kuma ba za ki ci karo da ɗanyar albasa mai gafi a tsakiya ba. Haka za ki yi wa taliyar yara da dafa-duka: fari a mai, kore bayan an sauke, ki rufe tukunya minti biyu.

Dambu shi ne inda lawashi ya fi nuna kansa, kuma nan zan ɗan daɗe. Ko na tsakin masara ne ko na shinkafa, turare biyu ake yi. A turaren farko tsaki ne kaɗai. Idan kin juye shi a roba don haɗi, nan za ki zuba zogale, dakakkiyar gyaɗa, attarugu, gishiri da dunƙule, sai farin albasar da tsakiyarta, ki yayyafa ruwa kaɗan ki mayar madambaci. Koren ki raba shi biyu. Rabi ki cusa a saman dambun ana saura minti biyar, rabi ki zuba a faranti. Ga tsaki gwangwani huɗu, ni nakan yanka albasa mai lawashi kamar guda takwas matsakaita. Man da za ki zuba a kai kuwa, in kin soya shi da lawashi, dambun ya tashi daga na kowa.

Ga yadda ake man. Ki zuba man gyaɗa kofi ɗaya a tukunya tun yana sanyi, ki zuba farin albasa yankakke kamar cikin tafin hannu biyu, ki kunna wuta ƙasa-ƙasa. Kada man ya yi hayaƙi. Ki bar shi yana 'yan ƙananan tafasa kamar minti goma, har farin ya fara ja. Sai ki zuba koren, wanda ya tsane sosai, ki ba shi minti uku zuwa biyar. Da kin ga kumfar ta ragu, ganyen ya yi duhu ya fara ƙanƙancewa, sauke. Kada ki jira ya yi baƙi, don man na ci gaba da soya shi bayan an sauke, in ya ƙone kuma ɗaci da ƙauri za ki samu. Ki tace. Soyayyen ki barbaɗa a abinci ranar, man ki zuba a busasshiyar kwalba. Da shi za ki ci ɗanwake, shinkafa da wake, dafaffen rogo, har masa in ba a yi miya ba. Gargaɗi ɗaya: kada ki jiƙa ɗanyar albasa ko tafarnuwa cikin mai ki rufe ki ajiye a ɗaki kwana da kwanaki. Inda babu iska ga danshi, wata ƙwayar cuta mai mugun dafi na iya girma ba tare da wari ko canjin launi ba. Ki yi kaɗan, ki tace, ki sa a firji, ki cinye cikin 'yan kwanaki.

A kwaɗon zogale ko na rama, ɗanye yake shiga. Ki yanka siriri sosai. In farin ya cika yaji, ki jiƙa shi a ruwan sanyi minti goma ki tsane. Ki fara haɗa ƙuli-ƙuli da ganye da mai, lawashin ya zo ƙarshe dab da ci, don gishiri na sa shi zubar da ruwa.

Farfesun tarwaɗa, musamman in an samo ta da rai daga Dadin Kowa: ki jajjaga farin da citta da attarugu da masoro su tafasa a ruwan tukuna, ki sa kifin, kada ki juya da ludayi sai dai ki girgiza tukunyar. Koren ki yanka shi dogo-dogo kamar gaɓar yatsa, ki watsa bayan kin kashe wuta.

Ƙosai da alale kuwa akwai inda ake tuntuɓe. Kada ki kai lawashi inji tare da wake. Ƙullun zai yi kore, ya yi yauƙi, ƙosan ya ƙi tashi yadda kike so. Farin za ki iya markaɗawa. Koren ki yanka ƙanana ki zuba bayan kin gama buga ƙullun. A awara kuma, bayan kin zuba ruwan tsami ta dunƙule, kafin ki juye a ƙyallen matsa, nan ne wurinsa.

A miyar taushe da ta alayyafo, tare da ganyen yake shiga a ƙarshe. A miyar kuka da busasshiyar kuɓewa ɗanyen lawashi bai cika dacewa ba, wannan fagen gabu ne, wato lawashin da aka daka aka busar.

Abu biyu a gurguje. Koren lawashi na da sinadarin bitamin K da yawa, wanda ke taimaka wa jini daskarewa. Duk wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini irin warfarin, kada ya tashi rana ɗaya ya mayar da shi abincin kullum bai gaya wa likitansa ba. Sannan kowace irin albasa, ɗanya ko dafaffiya, tana lalata jinin kyanwa da kare, kada a zuba musu sauran abinci mai ita da yawa.

Ajiyar watanni

Firiza ba ta da wuya. Wanke, tsane, shanya a tsumma har ya bushe ƙarau, yanka, zuba a busasshiyar gorar ruwa ta roba, rufe. Duk sanda kike so ki girgiza ki zazzago kai-tsaye cikin tukunya, ba sai ya narke ba. Zai yi wata uku, amma na girki ne kawai, bai yi wa kwaɗo ba don ya saki jiki. In wuta ta yi kwana biyu babu ya narke, ki girka shi ranar, kada ki sake daskarar da shi.

Shanya ta fi dacewa da mu, kuma Allah ya haɗa mana lokacin arahar albasa da lokacin busasshiyar iska. Ki yanka koren ƙanana, ki baza a faifai ko tsabtataccen buhu, kada ya hau kan juna. A inuwa za ki shanya in kina son launinsa ya zauna, rana tana mayar da shi ruwan ƙasa. Ki lulluɓe da yadi mai shara-shara saboda ƙurar hunturu da ƙuda, ki riƙa motsawa safe da yamma, da magariba ki shigar ɗaki. Kwana uku zuwa biyar ya isa. Gwajinsa shi ne ki murza a tafin hannu: in ya farfashe ya yi, in ya lanƙwashe da saura. Ki zuba a kwalba mai murfi, ki ajiye nesa da murhu. Washegari ki duba jikin kwalbar, in kin ga gumi ki sake shanyawa, in ba haka ba hunhuna za ta cinye miki aikin. Dami guda zai koma ɗan kaɗan, kada ki yi zaton kaji ne suka ci.

Sai gabu, wanda a wurin kakata na koya. Ita ba ta yarda a ce miyar kuka ta haɗu ba sai da shi da daddawa. Idan ta ga an jibge lawashi a tsakar gida, sai ta ce, "Ke 'yar nan, ɗauko turmi, wannan na damina ne."

Ki wanke lawashin, ki baza shi ya sha iska yini ɗaya har ya yi yaushi. Wannan yaushin shi ne sirrin, domin in kin daka shi da ruwansa zai zame miki kamar miyar kuɓewa, taɓarya na zamewa, ya ƙi dunƙuluwa. Ki yayyanka, ki zuba a turmi kaɗan-kaɗan, ki kirɓa har ya haɗe jikinsa. Ki ɗebo ki matse ruwan da ya rage, ki dunƙula kamar ƙwan kaza, sannan ki danna shi a tafin hannu ya yi faɗi. Kakata manyan curi take yi, ni na fi son faɗi-faɗi siriri, don babban curi yakan bushe a waje ciki na nan da danshi. Shi gabu rana yake so sosai, ba ruwansa da launi. Ki jera a faifai a kan rufi ko katanga inda awaki ba sa kai wa, kina juyawa kullum, kamar mako guda. Ki fasa ɗaya ki gani. In cikin ya bushe ƙamas kamar wajen, an gama. Maƙwabta za su san abin da kike yi tun daga ƙofar gida, wannan kam sai haƙuri.

Wajen amfani, ki gutsuro kamar rabin ɗaya ga tukunyar gida mai mutum shida. Ki ɗan gasa shi a busasshen kasko ko ki soya a mai kaɗan har ƙamshi ya tashi, ki daka tare da daddawa da barkono da citta, ki zuba a ruwan miya tun farko ya dahu da nama ko ƙashi, kafin ki kaɗa kuka. Shi akasin ɗanyen lawashi ne, yana son daɗewa a wuta. A watan Agusta, lokacin da albasa ke tsada har ana sayar da ita ƙwaya-ƙwaya, shi ke riƙe mini miya.

Saiwar da kika ajiye

Waɗancan gindin da na ce kada a aske, ki yanke su da ɗan tsawo, kamar gaɓar yatsa biyu sama da saiwa. Ki tsayar da su a ƙaramin kofi da ruwa kaɗan, a bakin taga inda haske ke shiga. Cikin kwana biyu zuwa uku za ki ga kore ya leƙo daga tsakiya, cikin mako guda zuwa kwana goma ya kai na wainar ƙwai. A ruwa zalla sau biyu za ki yanka, na uku siriri ne mara ɗanɗano, domin abincin da ke cikin gindin ya ƙare.

In kina son ya ɗore, ki mayar da shi ƙasa. Tsohon baho ko bokitin da ya fashe ya isa, ki huda gindinsa wuri huɗu ko biyar. Ki haɗa ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, da busasshen kashin awaki da ya kwana biyu kashi ɗaya. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake. Ki dasa da tazarar yatsa uku, ki binne saiwar da rabin farin, ki bar bakin a waje. Ki ajiye inda rana ke bugawa da safe, inuwa ta rufe da azahar. Ban ruwa sau ɗaya a yini da hunturu, sau biyu da bazara, amma kada ruwa ya kwanta. Idan za ki ɗiba, ki tsinki ganyen waje ki bar na tsakiya, ko ki yanke duka ki bar tsawon yatsa. Busasshiyar albasar da ta tsiro miki a kwando ma kada ki yar, ki binne ta nan, za ta ba ki lawashi har ta shanye kanta.

Da kin ga kara mai tauri ya taso da kumburin fure, wannan gindin ya gama ba ki ganye mai laushi, ki tuge shi ki soya farin ki dasa wani a gurbinsa. Bahon kuma ki ɗora shi a kan bulo uku ko ki kifa masa tsohon kwando mai manyan huda, don kaji na tone saiwar tun ranar da aka dasa.